Jirgin da Gara Ta Ci wa Wutsiya

Har yau, in na ji ƙamshin ƙaron da aka jiƙa a gwangwanin tumatir, sai in ga kaina a zauren kakana a Tamaske, wata Alhamis, saura kwana huɗu bikin rufe lakwal, makarantarmu ta boko, shekarar da nake aji biyar. Na shigo da gudu don in duba ɗan jirgin kwalin da ni da shi muka yi wata guda muna haɗawa, sai na tarar gara ta cinye wutsiyarsa, ta bar jar ƙasa a gurbinta.

Kaka tsohon soja ne, ya yi aikin gyaran jirage masu saukar ungulu irin na da, masu goshin gilashi da doguwar wutsiya kamar mazari. Da ya dawo gida sai ya riƙa sake gina su ƙanana, da kwalin sukari da takardar buhun siminti. A wannan shekarar ya ce hannunsa ya gaji, ni zan riƙa jan layi ina yankawa. In na gama ɗebo ruwa na zuba wa awaki dusa, sai in zauna jikin gwiwarsa da almakashi. Da yatsu yake awo. "Yatsa ukku, amaryata, kada ki ƙara mini na huɗu," haka yake cewa. Ledar shayi ta zama gilashi, tsinken tsintsiya ya zama ƙafafu. Malaminmu ya yi alkawarin ɗora jirgin bisa tebur a gaban iyaye, ni kuma na riga na cika baki ga 'yan ajinmu.

Laifina ne. Ƙaro ya ƙare, na yi ƙyuyar neman wani, na liƙa wutsiyar da kunun gero yadda muke liƙa bangon littafi, na jingina jirgin da katangar laka.

Kaka bai yi faɗa ba. Ya shafa wurin, ya sansana yatsunsa, ya yi dariya har da tari. "Ashe walima kika yi wa gara, ba ki gayyaci mijinki ba!" Yamma uku muka yi muna sabuwar wutsiya. Duk guntun da na yanka sai ya bi gefensa da ɗan yatsa a hankali, fuskarsa na kallon rufin zaure. Na ɗauka jiragensa na da yake tunawa.

Ranar bikin ya zo da farar rigarsa, kakata na tafiya dab da kafaɗarsa. Iska ta taso ta kaɗa farfelar, yara suka yi ihu. Ya sunkuyo ya ce, "Tana juyawa?" Na ce, "Kaka, ba ka gani ne?" Ya ce, "Daga bakinki nike son in ji."

Yanzu yaran gidanmu a waya suke kallon jirage, ba wanda ke jiƙa ƙaro, zauren ma ya koma ɗakin ajiye albasa. Jirgin yana nan ɗakina a birnin Tawa, nesa da bango.

Sai bayan rasuwarsa, ina jami'a, kakata ta gaya mini cewa tun damanar da ta gabaci shekarar da muka haɗa jirgin idanunsa suka rufe, kuma ita kaɗai ya bari ta sani. Kaka bai taɓa ganin jirginmu ba.