Taki Huɗu na Ciyawa a Gonar Baba

Na yi shekaru masu yawa ina aikin malamin gona a ƙasar Faskari, kuma tun ranar da na kama aiki ban taɓa fita babu littafi a aljihuna ba. A ciki nake rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka, da cutar da ta kama auduga, da gonar da aka nome da kyau, da wadda aka yi wa sakaci. A shafin sakacin nan, shekara bayan shekara, sai na rubuta gonar ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba, a wani ƙauye kusa da Daudawa.

Ba don ba ya noma ba. Masararsa da wakensa tas suke. Amma a gabashin gonar, ƙarƙashin wata tsohuwar ɗorawa, yakan bar wuri mai faɗin taki huɗu na ƙafa, tun daga wannan kusurwa har waccan, fartanya ba ta taɓa shi. Tafasa da rai-ɗore da gasaya da karkashi da ɗaɗɗoya suka cika wurin, duman kada ya nannaɗe su. A kan ɗorawar kuwa ya rataye amya uku, wato gidajen zuma na saƙar ciyawa da ake shafewa da kashin shanu. Duk lokacin da na yi masa magana, sai ya ce wurin yana da masu shi. Ni kuwa na ɗauki maganar a matsayin taurin kai irin na tsofaffi.

Da zuwa gonakin nesa ya zama abin tsoro saboda rashin tsaro, kowa ya dawo yana matsa 'yar gonarsa ta kusa da gari, har kan iyaka ana shuka. A lokacin ne barin taki huɗu ga ciyawa ya fara ba ni haushi sosai. Wata ranar marka Baba ya tafi ta'aziyya Mairuwa, zai kwana biyu. Na ga dama ta samu. Na goya tankin feshi da kaina, da niyyar in yi wa tsoho alheri. Akwai ragowar maganin ƙwari a tankin, wanda aka fesa wa wake, sai na zuba na ciyawa a kansa don kada a yi asara, kamar yadda na ga mutane da yawa suna yi ban taɓa tsawata musu ba. Da hantsi na yi feshin, daidai lokacin da kowane fure yake buɗe.

Da Baba ya dawo bai yi faɗa ba. Ya tsaya a gindin ɗorawa, ya tsince matattun zuma cikin tafin hannunsa, ya miƙo mini.

"Malamin gona, waɗannan kuma a wane shafi za ka sa su?"

Kafin kaka amya biyu sun zama kango, saura ɗaya, ita ma shige da ficenta ya ragu ƙwarai. Ni mai ajiye bayani ne, don haka ba zan ce na tabbatar feshina kaɗai ya kore su ba. Maƙwabta ma suna feshi. Abin da na sani shi ne kafin ranar nan suna nan, kuma Baba, wanda ya gaji sana'ar zuma daga kakanmu, ya fara cewa idan ta ƙarshen ta tashi ba zai sake ɗaura wata ba.

Da damina ta zagayo na je na ba shi haƙuri, na tambayi abin da zan yi. Ya ce ba ya son irin zamani, ba ya son taki. Abu ɗaya yake so: in riƙa zuwa bayan sallar asuba in zauna a bakin wurin da littafina, in rubuta duk wanda ya zo.

Abin mamaki na farko shi ne ciyawar ta dawo, ba wanda ya shuka ta. Iri na nan kwance cikin ƙasa yana jiran ruwa. Na biyu kuwa shi ne abin da na gani da na zauna shiru. Wurin da na yi shekaru ina kira datti, ashe kasuwa ce mai tsari, kowa da lokacin zuwansa. Duman kada ke fara buɗewa, zuma su kutsa cikinsa har su ɓace, su fito da gari a jiki. Rana na ɗan ɗagawa sai su koma kan ɗaɗɗoya, furen da bai kai ƙwayar gero biyu ba, suna bin sa ɗaya bayan ɗaya ba su tsallake ko guda. Galla, 'yar mitsitsiyar zuman nan da ba ta harbi, ta fi son gasaya. Akwai kuma wani baƙin ƙwaro mai kauri da ke rungumar furen rai-ɗore ya girgiza shi da ƙara, har gari ya zubo masa a ciki. Ban taɓa ganin zuma ta iya wannan ba. Na ga ƙullin gari rawaya a ƙafafun bayan wata zuma, na bi ta da ido ta tsallaka cikin gonar, ta faɗa furen kabewa. Na yi tasbihi a fili. A makaranta na haddace cewa ƙwari na ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, na ci jarrabawa a kai, amma sai da furfura ta fito mini na gani da idona.

Baba ya nuna mini abin da littafina bai sani ba. Ɗorawa da kaɗanya suna fure da rani su gama, wake da riɗi kuma nasu ɗan lokaci ne. Tsakanin wannan da wancan, ciyawar nan ce ke riƙe da zuma, domin in wannan ta yi yaushi waccan ta buɗe.

Har yau raina na ɓaci idan na tuna cewa a duk takardun da aka ba mu mu cike tsawon aikina, babu layi ɗaya da ya tambayi abin da ke cin abinci a gefen gona. An koya mana mu auna tsabtar gona da ido, mu kuma muka koya wa manoma, kuma ni na fi kowa zaƙewa.

Wajen ƙarshen damina amyar da ta rage ta cika da motsi. Baba ya sauko da kangon ɗaya, ya sake shafe ta, ya tsinko ɗaɗɗoya daga wurin nan ya goge cikinta, ya turara ta, muka mayar kan reshe. Na rubuta ranar. Kwana goma sha ɗaya ina zuwa, babu komai. A rana ta goma sha biyu da hantsi na ji wani gunji daga yamma, sai ga zuma kamar hayaƙi, suka dunƙule a reshe, sannan suka fara kwarara cikin bakin amyar. Na tsaya da alƙalami a hannu, na kasa rubutu.

Baba ya iso yana dogara sanda, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"To, Malam, mi ka rubuta?"

Na ce ban rubuta komai ba tukuna.

"Rubuta sun dawo. Ka kuma sauko mani da ta ukun gobe, in Allah ya kai mu."