Tudun Malam Bello

Shekara biyar ke nan da rasuwar Malam Bello, abokin aikina a wata sakandare a Gummi. Ni nake koyar da kimiyya, shi kafinta, kuma tare muka riƙe ɗakin ƙere-ƙeren ɗalibai. Har yau ina tuna musunmu na shekarar da shugaban makaranta ya ce in muka dawo daga gasar Gusau hannu rabbana, ɗakin zai koma sito.

Aikin gasar shi ne ɗan mutum-mutumi mai tayoyi ya kai bulo kan dandamali mai tsayin gwiwa. Na ce mu yi masa na'urar ɗagawa, da igiya da ƙaramin inji, don ta fi sauri da ban sha'awa. Shi kuwa ya ce faifan katako kawai, a shimfiɗa shi a karkace, abin ya hau. Na yi masa dariya. Ɗan makiyayan Bukkuyum ne, sai ya ce, "Malam Sani, ka taɓa ganin an ɗauki sa an aza mota? Tudu a ka yi mai, shi hau da ƙahwatai."

Ɗalibai suka bi bayansa, na yi fushi na kwana biyu. A Gusau, makarantu masu na'urar ɗagawa suka yi ta burge mutane da safe. Bayan azahar batura suka yi sanyi, igiyoyi suka harɗe, bulo na tsayawa a rabin hanya. Namu na tafiyar hawainiya, amma bai fasa kaiwa ba ko sau ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. Muka zo na biyu, ɗakin ya tsira.

Da yana nan, me zai ce da yaran yanzu masu kwaikwayon zane daga waya? Ina jin zai karɓi wayar ya duba, sannan ya miƙa musu zarto.

Watan jiya na je Anka. Hadiza, ɗalibar da ta tuƙa mana mutum-mutumin ran gasar, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti da ake kawo yaran da gubar dalma ta nakasa. Ita ta matsa aka fasa matakalar ƙofa, ita ta auna gangaren da aka zuba. Na tsaya ina kallo, alfahari ya cika ni, wata uwa ta turo ɗanta a keken guragu daga titi har cikin ɗaki, ba ta roƙi kowa ya kama mata ba.

Allah ya jiƙanka, Bello.