Lambar da Gwaggo Ta Goge

Shekarar da masu lambar rigakafin cutar agana suka zo Kalgo daga Gwandu, ni da ƙanwata aka tsaga mana damtse, aka shafa magani. Muna shiga gida Gwaggo, yayar babanmu, ta hau faɗa: "Lamba? Shanu ake yi wa lamba! Dabbobin Nasara ne ku?" Ni na tsere. Ta cafke ƙanwata, ta dirje wurin da toka da lemun tsami har maganin ya mutu.

Da bazara agana ta shigo gari. Ta tsallake ni, ta cinye idanun ƙanwata. Tabo ɗaya Gwaggo ta hana ta, sai ga zanzana ta rufe mata fuska duka.