Huseina, Wadda Ta Ƙwato Haƙƙin Mataimakin Likita

Ƙarfe bakwai na safe Malama Huseina take buɗe tagar ofishinta a wani ƙaramin asibiti da ke Kalgo, inda ake yi wa mutum tiyata da hantsi ya koma gida da la'asar. Takan karɓi katin mara lafiya, ta rubuta aikin da aka yi masa da sunan duk wanda ya sa hannu, ta aika wa kamfanin inshorar lafiya ya biya. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Shekara uku da suka wuce kamfanin ya daina biyan kuɗin aikin Gideon, mataimakin likitan tiyata, wai likita shi kaɗai ya isa. Mai asibitin ya kira Huseina ya ce, "Ko ki ɗora wa marasa lafiya kuɗin, ko mu sallami Gideon."

Ta ce, "Ranka shi daɗe, manomin Wurogauri da ya sai da akuya ya shiga inshora, mi zan ce mishi? Ka ba ni wata biyu."

Kowa ya san idan Gideon ya tafi, tiyata shida a rana za ta koma biyu, ga masu gwaiwa sama da arba'in suna jira a yi musu kafin damina ta sauka.

Huseina ta tattara takardun tiyata ɗari da ashirin ta nufi ofishin kamfanin a Birnin Kebbi. Sau uku ana sallamar ta. A na huɗu wani jami'i, Malam Aminu, ya ce mata, "Hajiya, wuƙa guda ce, hannu guda ke riƙe ta."

"To taho ka gani da idonka," in ji ta.

Ya kuwa zo, aka shigar da shi ɗakin tiyata. Sista Kulu, ma'aikaciyar jinyar ɗakin tiyata, ta ba ni labari: ana cikin yi wa wani dattijo daga Maruda aiki, jini ya ɓalle. Gideon ya danne jijiyar, likita ya ɗaure ta, aka gama lafiya. Malam Aminu ya fito gumi sharkaf, ya ce, "Hajiya, kawo takardun." Kamfanin ya biya har da na baya. Gideon yana nan, kuma duk masu gwaiwar nan sun riski shuka da ƙafafunsu.

Ke ce, Huseina, mai alƙalami da tsoron Allah. Ba ki taɓa riƙe wuƙa ba, amma mutane da yawa daga Gwandu zuwa Kalgo suna noma yau saboda kin ƙi yin shiru. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma da ke zaune a ofis da takardun mutane a gabanku, ku yi koyi da ita: idan kun ga za a danne haƙƙin wani, ku tashi daga kan kujera ku bi sawunsa.