Godiyar da Ta Rasa Ƙofa

Babana mutum ne da godiya ta zame wa ciwo. Manomin shinkafa da albasa ne a Illo, ba wani abin hannu gare shi ba, amma idan ka ba shi ko da allura ce, to ka shirya, gobe da sassafe za ka ji sallamarsa a ƙofar gidanka. Zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya faro godiyar tun daga kan kakanka. A wurinsa, wadda aka yi nan take lokacin da ake miƙo abu ba godiya ba ce, gaisuwa ce kawai. Ta gaskiya ita ce wadda ta kwana, aka kuma kai ta da ƙafa. Ta waya kuwa, cewa yake rashin tarbiyya ne aka sa wa caji. Akwai maƙwabcinmu da ya daina ara mana fartanya, ba don rowa ba, don dai yana son ya ɗan koma barci bayan asuba.

Shekarar da na samu gurbin karatun likita a jami'a, murnar gidanmu ba ta daɗe ba, don kowa ya san abin ya fi ƙarfin albasa, ga shi ambaliya ta cinye shinkafar fadama a waccan daminar. Har na fara rarrashin zuciyata da zaman gona, sai aka kira ni daga ofishin tallafin ɗalibai. Wai wani mai alheri ya ware dukiya don 'ya'yan garuruwan bakin kogi da na kan iyaka, kuma sunana ya fito. Karatu, ɗaki, littattafai, duk an ɗauke mini. Abin da ake so daga gare ni kawai in je in yi rajista kafin a rufe. Shi kuma mai alherin sharaɗinsa ɗaya, kada a faɗi sunansa.

Inna ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Baba ya bari ta gama, sannan ya dube ni.

"Wa ab ba ka?"

"Baba, sun ce ba shi son a san shi."

"To gidan wa za ni gobe?"

Na ce ai babu inda za shi, an hutar da shi. Sai ya gyara zama ya ce, "Ba ka taka makarantar ga sai na yi godiya. Ɗana ba shi cin abin mutum shi goge baki."

Na yi dariya. Inna ba ta yi ba, don ta fi ni daɗewa da shi.

Tunanin Baba shi ne, duk wanda ya san da zaman garuruwan bakin kogi har ya tuna da su, lalle namu ne, kuma masu kuɗinmu ba su da yawan da za su gagari nema. Washegari ya kwance ragon da Inna take kiwo don layya, bai ko tambaye ta ba, muka nufi gidan wani Alhaji mai fataucin albasa. Baba ya durƙusa ya fara. Yana kan kakan Alhaji, yadda ya taɓa gina rijiya, Alhaji yana murmushi. Da ya gangaro kan karatun likita, sai murmushin ya ɗauke.

"Malam, wallahi ba ni na ba. Ni yanzu nika jin zancen ga."

Ya kuma ƙi karɓar ragon. Muna fita Baba ya matso kusa da kunnena ya ce, "Shi na. Ka ga yadda yay yi musu?" Na ce alhamdu lillahi, ke nan an gama. Ya ce ina, ai bai amsa ba, godiyar da ba a amsa ba tana nan a wuyan mai ita.

Na biyu wani mai injin casar shinkafa ne a Kaoje. Shi da ya saurara har ƙarshe, sai ya shafa gemu ya ce, "Ba komi, Malam, ai yi wa kai na," idonsa a kan ragon. Baba ya janye igiya a hankali, ya yi sallama. A hanya ya ce, "Ba shi na ba. Wanda yaɓ ɓoye sunanshi ba shi amsawa da gaugawa hakan ga."

A nan ne na yi lissafi. Wanda ya musa shi ne, amma godiya ba ta sauka ba. Wanda ya amsa kuwa ba shi ba ne. Na duba ta ko'ina ban ga ta inda zan zama likita ba.

Haka muka shiga yawo a babur, ni a gaba, Baba a baya, rago a tsakiya. Tun yana kuka yana harbi har ya saba, da ya ji an tayar da inji sai ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan kujera yana jiran a tallafa masa. Muka haye gada zuwa Bagudo muka dawo, muka sake hayewa. Masu shingen hanya suka daina tambayarmu komai, sai dai su ce, "Baba, an dace?"

Labari ya bazu, sai abin ya juye ta inda ba mu zata ba. Zuwan Baba gidanka da rago ya zama shaidar cewa kai ma wani ne. Waɗanda bai je wa ba suka fara jin haushi. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta aiko a tambaye shi ko a ganinsa mata ba su kyauta ne. Wani tsohon kansila a Kurgu aka ce kullum da safe sai ya sa an share zaure an shimfiɗa tabarma, ya zauna da babbar riga yana jiranmu. Dole muka je wa su biyun. Kansilan ya musa da kyau kuwa, ka ji musun da aka daɗe ana shiryawa.

Su kuma waɗanda aka yi wa godiyar, kunya ta riƙa damunsu, sun ci yabon abin da ba su yi ba. Sai kaya suka fara zuwa gidanmu. Alhajin albasa ya aiko da katifa. Mai injin shinkafa ya aiko da risho da bokiti. Hajiya ta aiko da zannuwan gado da bokiti. Kansila, bokiti. Har yau ban gane abin da ya sa duk wanda kunya ta kama bokiti yake saye ba. Kuma kowane bokiti kyauta ce, kowace kyauta kuwa sai ta kwana an kai godiyarta da ƙafa, saboda haka aikin Baba ƙaruwa ya yi.

Da na gida suka ƙare, wani ya raɗa masa cewa akwai ɗan'uwan Inna, Badande, wato mai yaren Dandanci, da ya yi arziki da manyan motoci a tsallake, ƙasar da tsofaffinmu har yau suke kira Dahome. Muka bar babur a Lolo muka shiga kwale-kwale da rago. Kawun nan da ya ji abin da ake zarginsa da shi, sai ya fashe da kuka don daɗi. Ya musa da Dandanci, ya musa da Hausa, ya ƙara da Faransanci, sannan ya riƙe mu ya yi ta ɗura mana kifi. Ranar komawa rago ya ƙi shiga jirgi. Ya ga tumakin gidan, ya turje, aka ja aka tura, ya kwanta. A can muka baro shi. Inna ta daɗe tana faɗa wa mata cewa ragonta ya samu zama a ƙasar waje, ɗanta ko makaranta bai samu shiga ba.

A lokacin lamarin ya daina ba ni dariya. Ranar rufe rajista ta matso, abokaina duk sun tafi, ni ina zaune a tsakiyar bokitai. Ba zan ɓoye ba, na ji haushin Baba irin wanda ban taɓa ji ba. Ina ganin mutum zai yanka rayuwata don ladabi. Inna ce ta tare shi yana alwala.

"Malam, in ka zaunar da yaron ga gida, mai alherin godiya za shi yi maka? Tahi can inda kuɗɗin suka hito ka tambaya mana."

Da gari ya waye ya sa aka ɗaure katifa da bokitai a saman mota.

Mun isa jami'a ranar da za a rufe. Baba ya tuɓe takalmi a ƙofar ofishin tallafi, ya taka sanyin tayil ɗin kamar mai shiga ruwa. Wata mata ce a ciki, mai tabarau, mai haƙuri. Ta ba shi kujera, ya zauna a ƙasa.

"Ɗiyata, sunanshi kaɗai nika so."

"Baba, ko ni ban sani ba. Na sama da ni ne suka sani, kuma sun yi alkawari."

"Namiji na ko mace?"

"Ban sani ba, Baba."

"Shina da rai dai?"

Ta ce tana kyautata zato, tunda taimakon bai yanke ba. Don ta kwantar masa da hankali, sai ta ƙara da cewa ba ni kaɗai ba ne. Daga wannan asusun ake saya wa marasa hali magani a asibitin koyarwa, da shi ake tura ɗalibai ƙauyuka duba idon tsofaffi. Maimakon hankalin Baba ya kwanta, sai ya dafe kai.

"Duk mutanen ga, ba wanda yat tahi yi mai godiya?"

"Suna rubutowa, Baba, mu kuma mu aika."

Ya dube ta yadda ake duban wanda ya ce yana sallah a kwance don ganin dama. Sannan ya miƙe, ya ce da ni, "Tashi mu koma gida." Na san muryar, ba ta wasa ba ce, kuma na ga shi ma ransa a ɓace yake, ba mugunta ba ce, ya rasa yadda zai yi ne.

Matar ta dube ni, ta dube shi. Allah ya saka mata, ta gane ba gardama ce za ta yi aiki ba.

"Amma Baba, ranar bikin yaye ɗalibai ana gayyatar duk masu tallafi. Rumfarsu daban, a hannun dama. Ba za a nuna maka shi ba, amma a cikinsu yake zama. In ka yi magana, kunnensa zai ji."

"Yaushe a ranar?"

"Sai ɗanka ya gama karatu."

Baba ya juyo kaina a fusace, sai ka ce ni na ɓata masa lokaci tun farko. "Kai mi kaka jira? Tahi ka rubuta sunanka!"

Duk shekarun da na yi a makarantar, Baba bai taɓa tambayata abin da ake koya mana ba. In na zo hutu, kafin in ajiye jaka zai ce, "Saura nawa?" Da aka yi wani dogon yajin aiki, ya ɗauke shi a matsayin da shi ake, ya ce ana sa shi ya zama marar kunya a idon mutum. Ya ɗinka riga ya ajiye a ƙasan akwati. Ya riƙa tsara kalmomin da zai faɗa, yana gyarawa. Inna ta ce in ta kai masa abinci gona sai ta tarar da shi durƙushe tsakanin kunyoyi yana yi wa albasa godiya, in ya yi kuskure ya koma farko. Ni ma na ji ta sau da yawa har na haddace ba da niyya ba.

Ina shekarar ƙarshe ya rasu, da damina, bayan gajeriyar jinya. Ban iso ba sai da aka kai shi. Inna ta ce bai bar mini wani saƙo ba, abin da kawai ya yi ta maimaitawa shi ne ya bar mutum yana jira. Na yi kukan rashinsa, na kuma yi kukan wannan maganar daban.

Ranar biki aka kira sunana, na hau na karɓi abin da ake karɓa. Da na sauko, ƙafata ta ƙi komawa wurin zama. Na nufi rumfar dama da doguwar rigar nan da hula mai tuntu, na tsaya a gaban manyan mutane da ban san ko ɗayansu ba, na tuɓe takalmi, na durƙusa. 'Yan ajinmu suka ɗauka faɗuwa na yi. Sabbin likitoci suka yo kaina a guje, kowa yana son ya fara aiki a kaina, wani har ya kama hannuna yana neman bugun jini. Na fizge.

Baba daga kan kaka yake farawa, ni kuwa ban san kakan kowa ba a wurin, don haka na haɗa su duka.

"Allah shi jiƙan kakanninku. Allah shi jiƙan waɗanda sunka haihe ku. Babana ya aiko ni, manomin albasa na daga Illo. Ya so shi taho da ƙahwarshi."

Masu fifita a rumfar suka daina. Lasifika na can tana ta kiran sunayen mutane, ni kuwa ina durƙushe a kan ciyawa ba takalmi, ban tashi ba sai da na kai godiyar har ƙarshe, yadda ya tsara ta.