Buron da na buɗe a garin jikokina

Sai da furfura ta fara fito mini na koyi karatu, a rumfar yaƙi da jahilci, wurin wani mushe, wato malamin boko, da na girmi uwarsa. Da aka ji ina iya karanta takarda, matan ƙauyenmu suka fara kawo mini nasu: ta likita, ta lakol ɗin da yara ke karatu, saƙon waya daga mazan da suka tafi cin rani. Ina karantawa a bakin gado, tsakanin kwanoni. Wata rana miya ta zube a takardar haihuwar ɗan maƙwabciyata, na ce ya isa, buro zan buɗe, wato ofis.

Na san buro, don na sha zama a ƙofarsa. Tun ina amarya, duk takardar da ta kai ni Gazawa, amsa ɗaya nake samu: ki dawo gobe. Saboda haka na rantse wa kaina, a buron da zan buɗe ba mai jin kalmar nan.

Matsalar ita ce wuri. A gidanmu rezon waya ba ya kamawa sai a tsohon ɗakin ajiyar wake da ke jikin katangar baya. Ko'ina ka tsaya waya ta mutu, ko ta jawo layin ƙetaren iyaka ta cinye maka kati. Ɗakin nan kuwa jikokina sun riga ni. Sun gina gari a ciki: motocin gwangwanin kifi, shanun laka, rijiya ta murfin buta.

Ɗana ya ce in kore su kawai. Shi uba ne, yana iyawa. Ni kaka ce. Ina shiga, jikana namiji, wanda ko wando bai iya ɗaurewa ba, ya riƙe ƙugu ya ce, "Tsohuwa, wa ya ba ki izinin shiga gidan mijinki ba sallama?"

Na ce, "Miji ba cefane? Matsa in wuce."

Na ɗauki gawayi na ja layi a tsakiyar ɗaki. Gabas nawa, yamma nasu. Na sa tebur da kujera, na buga ƙusa can sama inda hannunsu ba ya kaiwa na rataya waya, na shimfiɗa tabarmar baƙi. Na zauna da bik na rubutu a hannu, ƙofa a buɗe.

Ba wanda ya zo. Mace za ta leƙo, ta gan ni zaune ina jiranta, ta gaishe ni da gajiya, ta wuce da takardarta a ƙugu. Waɗanda suke zuwa bakin gadona ma suka daina. Na tare wata ƙawata na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ke ma dai. Buron da mutum zai shiga kai tsaye kamar ɗakin girki? Wa zai yarda da abin da aka karanta mishi a nan?" Kabu-kabu suke hawa su kai takardunsu Gazawa, a wulaƙanta su, su dawo da kwanciyar hankali.

Ana cikin haka surukata ta tafi meri, buron magajin gari, neman wata takarda, ta tafi da jikata mace, babbar cikinsu, wadda haƙoranta na gaba suka zube. Yarinyar ta wuni a can tana kallo. Ta dawo da sabon wasa.

Ni ban sani ba, ina gona muna roron wake. Na dawo da la'asar na tarar da mata jere a jikin katanga, har da wani Bafulatani da sandarsa. Jikata na zaune a ƙofar ɗaki bisa turmin da aka kife, da tabarau marar gilashi a hanci, ta kara gwangwani a kunne tana cewa, "To. To. A'a, ba zai yiwu ba." Ba ta ko ɗaga kai ta dubi mutane ba.

Na nufi ƙofa, ƙawar nan tawa ta riƙe mini zane. "Yi haƙuri, sakatariya tana waya."

Na ce, "Buron nawa ne."

Ta ce, "Mun sani. Amma komai da tsarinsa."

Ranar na karanta takardu har magariba. Bafulatanin ya kawo ta rigakafin shanu, na karanta mishi, ya ƙi tashi, wai ba a buga hatimi ba. Mijina, jikan nan nawa, ya fito daga garin yamma da murfin kwalba, ya tsoma a ruwan laka, ya buga mishi a bayan takardar. Mutumin ya duba da kyau, ya naɗe ta cikin leda, ya yi godiya irin wadda ni bai yi mini ba.

Layin gawayin ma ya goge. Shanun laka suka hau teburina kiwo. Ina karanta wa mace saƙon mijinta daga Agadas, mota tana bi ta kan ƙafarta. Ba mai damuwa. Ni ma ban damu ba, tunda aiki na tafiya, ina jin dai wasan ya tsaya a tabarau da hatimi.

Sai ranar da na gamu da wata gyatuma a hanyar rijiya, daga wata ruga take, tafiyar hantsi guda a ƙafa. Idanunta sun yi ja suna ruwa. Ta kama hannuna tana yi mini barka, wai burona ya kai buro. Ta kwance bakin zane ta nuna mini takardar likita da 'yar kwalbar maganin ido, ko buɗe ta ba a yi ba. Likita ya yi mata bayani da sauri, ta manta, tana tsoron ta ɗiga ba daidai ba. Tun ranar kasuwar da ta wuce take zuwa.

Na ce, "Inna, me ya hana ki shigo?"

Ta ce, "Sakatariya ta ce in dawo gobe." Da alfahari ta faɗa.

Na koma gida ban ɗebi ruwan ba. Na tsayar da jikata na ce wa ya koya mata wannan magana. Ta dube ni ta cikin tabarau ta ce, "Kaka, ai haka ake yi." Ban doke ta ba, don ba ƙarya ta yi ba. Na dai kwashe garinsu kaf na zuba a tsakar gida, na share ɗaki, na ce kada in ƙara ganin ƙafar kowa.

Da safe na zauna, ƙofa a buɗe. Shiru. Da hantsi na leƙa waje. Sun kai turmi da gwangwani gindin itacen bedin da ke ƙofar gida, sun buɗe buro a can, layi kuma ya bi su. Manyan mata da takardu a hannu suna jiran ganin yaran da ko baƙi ɗaya ba su sani ba. Gyatumar tana cikinsu, da kwalbarta.

Na yafa mayafi na je na tsuguna gaban turmi. Sakatariya ta bar ni na ɗan jira, sannan ta sauke waya.

Na ce, "Ku dawo. Turmi naku, hatimi naku, shanu su hau tebur. Amma kalmar gobe ta fita daga bakinki."

Ta ce, "To me zan riƙa ce musu?"

"Ki ce su jira kaɗan."

Mijina ya ce sai an ƙara musu wuri har gindin taga. Na ba su.

Tun daga ranar haka muke aiki. Mace ta zo, a ce ta jira. Ni kuma ina ciki zaune, ba abin da nake yi, ina kallon bango kamar tsawon shan ruwa a moɗa, sannan in yi gyaran murya a shigo da ita.

Gyatumar aka fara shigowa da ita. Ta zauna tana waige-waige, ta ce anya yau lafiya, da wuri haka? Na karanta mata: ɗigo ɗaya da safe, ɗaya da dare. Na kwantar da kanta a cinyata na ɗiga mata na farko da hannuna. Ta tashi tana ƙifce-ƙifce, ta miƙa wa mijina tafin hannu, ya buga mata hatimi, ta fita tana riƙe da hannun a sama kada ya goge.