Baƙaƙen da Baba Ya Gane

Ina auna riɗi a kasuwar Gadarif maƙwabcin rumfata ya miƙo mini waya, ya kau da kai. Lorin da Yayana ya hau zuwa garin Hawata ya kife, bai kuwa tsira ba. Ranar nan da abin da ya biyo bayanta ba za su fita daga raina ba.

Yaya mai gyaran waya ne. A ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa kan aiki guda: mayar da waƙoƙin ajami da kakanmu ya taho da su daga yamma littafin karantawa a waya. Takardun sun dushe, idon Baba ma yana tafiya, burinsa kuwa ya sake karanta su da kansa kafin ganin ya ƙare. Da Yaya ya fara nuna masa, ture wayar ya yi.

"Wannan rubutun jarida ne, siriri kamar ƙafar sauro. Ni da na allo na tashi."

Yaya ya yi dariya. "Kalas, shi ke nan, ya Hajji, zan nemo maka mai ƙiba."

Ya yi ta gwaji. Rubutun da ya zauna daidai a babbar waya, in ya shiga ƙarama sai wasu haruffa su koma akwatuna fanko. Ya taɓa ce mini sai an cusa wa littafin baƙaƙensa a ciki kamar guzuri, in ba haka ba kowace waya nata za ta sa masa. Ban kula ba a lokacin.

Bayan an tashi zaman makoki matarsa ta ba ni babbar wayarsa. Na buɗe littafin, na kai wa Baba yana kishingiɗe a angarib, gadonsa na igiya. Baƙaƙe ne masu kauri da lanƙwasa, kamar yanzu aka ɗaga alƙalami. Na ja da yatsa, suka ƙara girma, ba su watse ba. Baba ya tashi zaune. Leɓensa ya fara motsi, sannan murya ta fito, da wani kari da ban taɓa ji a bakinsa ba. Mamata biyu a shafi guda, kakanmu da Yaya, ga mai rai yana karanta su.

Ya dakata, ya share fuska, ya ce, "Ashe yaron nan ya ji ni."

Ranar na gane magana ba ta isa zuciyar mutum sai ta zo masa da kamannin da ya sani. Baba ya karanta abin da ke ciki kafin idonsa ya rufe. Rabin waƙoƙin ne. Sauran takardun suna cikin gafaka, har yau ba a shigar da su ba.